Numfashin Mitsue

Litinin, 6 ga Oktoba, da yamma

Mun iso. Masaukin yana bayan asibitin, ɗaki ɗaya, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Na leƙa in ga daga ina iska take, na rasa abin da zan gane da shi. Ba tuta, ba hayaƙi, ba ruwa.

'Yarmu Chiharu ce ta kawo mu, ta koma Nagoya saboda aiki da yara. Kafin ta tafi ta tsare ni a bakin ƙofa, sai ka ce ita ta haife ni. "Baba, ka daina ce masa 'abin nan'. Ciwon daji ne, a fankiriyas, bayan tumbi. Ya naɗe jijiyar jini, wuƙa ba za ta shiga ba. Ƙona shi da hasken na'urar asibitin nan shi kaɗai ya rage wa Mama. Kana ji na?" Na ce ina ji. To, na rubuta shi sau ɗaya yadda ta faɗa, ya isa.

Matata Mitsue ta sha rabin kwano na kunun shinkafa. Ta ce gishirin garin nan ma lami ne.

Talata, 7 ga Oktoba, da rana

Yau aka yi mata ɓawo. Sun ɗumama wani faifan roba, suka lulluɓa mata daga ƙirji zuwa cinya, ya sandare da siffar jikinta. Kullum a cikinsa za a ɗaure ta kada ta motsa. Matar da ke kula da na'urar, Urushibara-san, dattijuwa ce mai tabarau a goshi. Ta tambaye ta ko ya matse ta. Mitsue ta ce, "Rigar nutsona ta fi shi mugunta."

Likita Kuramochi ya zana mana hoto a takarda. Ya ce wannan ba irin hasken da aka saba ba ne, wanda ke ratsa mutum ya fita ta baya. Wasu ƙwayoyi ne ƙanana masu nauyi, na'urar tana juya su har su yi gudu, sannan ta harbo su. Suna shiga jiki, su tsaya daidai zurfin da aka auna musu, su sauke wutarsu a nan. Sau goma sha biyu za a yi, cikin mako uku. Matsalar ita ce hanji yana manne da wurin, kuma duk sanda ta ja numfashi abin nan yana hawa yana sauka. Don haka za su ɗora mata wani ɗan maɓalli a ciki da zai riƙa bin numfashinta.

Ya ce, "Ki yi numfashi yadda kika saba kawai."

Na yi dariya a raina. Yaro ne, bai san wadda ke gabansa ba. Wannan maganar ta mutanen gari ce, waɗanda ko a baho ba sa iya nutsa kai. Matata mai nutso ce. Sama da shekara arba'in tana sauka ƙasan tekun Shima da ƙarfe a hannu, tana ɓanɓaro awabi, wani dodon koɗin teku mai tsada, daga jikin duwatsu, ni ina cikin kwalekwale riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugunta. In numfashinta ya ƙare ta fizga, in jawo ta. Yawanci ma kafin ta fizga na fara ja. In motsi ne abin gudu, ai sun samu maras lafiyar da ba su taɓa samu ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

An ɗauki hotunan awo. Sun ce komai daidai. Ta ce Urushibara-san ta ishe ta da hira ta lasifika, har labarin jikokinta ta ba ta.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da safe

Likitoci suna can suna lissafinsu, mu muna zaman jira. Na ce mata maimakon zaman banza mu gwada. Ta kwanta a tabarma, na zauna a gefe da agogo.

"Wane irin gwaji kuma, Baba?" Ita ma haka take kira na.

"Ki riƙe. In kin tsayar da shi cak, za su same shi a tsakiyar kai."

"Likita bai ce haka ba."

"Likita bai taɓa ganin ki a ruwa ba."

Ta riƙe. Duk ramar da ta yi, ta riƙe har na fara tsarguwa, sannan ta sake shi da wannan siririn fito da masu nutso ke yi in sun taso. Rabona da jin sa tun Agusta. Na tashi na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannu.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ba iska, ko kuma akwai ban sani ba. Mun sake gwadawa sau uku.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Ba a yi ba.

Sun shiga da ita da hantsi, cikinta wayam tun asuba kamar yadda suka ce. Ƙofar ɗakin ta fi katangar tashar jirginmu kauri. Na zauna a benci, hannuwana sun rasa abin yi. Bayan kusan awa ɗaya suka fito da ita, fuskarta ja, ba ta kalle ni ba. Sun ce gobe.

Laraba, 15 ga Oktoba, da rana

Yau ma ba a yi ba. Likita ya kira mu ofis, ya juyo mana da allon kwamfuta. Ya nuna layin wani mutum daban, yana hawa yana sauka a hankali, ya ce na'urar tana harbi ne kawai a ƙasan kowace sauka, in mutum ya gama fitar da iska, domin a lokacin ne abin yake komawa inda aka auna shi. Sannan ya nuna nata. Ya hau can sama ya miƙe ɗoɗar, ya daɗe, ya faɗo tim, ya sake hawa. Ya ce in ta cika ƙirji ta riƙe, abin nan yana gocewa, hanji ya shigo gurbinsa. Na'urar ba za ta yi harbi ba, kuma gara da ba ta yi.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Kwana uku ina koya wa matata ta ɓoye wa maganinta. Kai, Tokuji, tsohon banza!

Na faɗa musu. Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa tebur. Likita bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Ya ce za su sake gwadawa gobe da jibi. In bai yiwu ba, sai mu koma gida a ci gaba da maganin ƙarin ruwan da aka saba ba ta, shi kaɗai. Na san abin da wannan yake nufi. Ita ma ta sani.

Laraba, da yamma

Urushibara-san ta biyo mu har wurin sa takalma. Ta tsuguna gaban Mitsue, ta kira ta da sunan gidanmu, ta ce, "Nakaseko-san, jiya kin bi shawarar maigida, na yarda. Amma yau tun kafin mu fara na ce kada ki riƙe, kika ce to. Me ya faru?"

Mitsue ta kalli takalminta. Ta ce, "Ba ni nake yi ba. In kun ɗaure ɓawon, kuka fita, ƙofar nan ta rufe, sai ko'ina ya yi tsit, ga nauyi a ƙirji, ga sanyi. Jikina sai ya ce ai mun sauka. Wa ke numfashi a ƙasa? Ina jira a jawo ni, ba wanda ya ja."

"Ranar hoto kuwa kin yi daidai."

"Ai ranar ba ki bar ni na nutse ba, da surutunki."

"Yau ma na yi miki magana."

"Kin yi, amma na riga na sauka. Ki yi haƙuri, muryarki ba ta kai can." Ta nuna ni da haɓa. "Ni in na taso, abu ɗaya nake ji kafin in saki numfashi. Masifar wannan. 'Kin daɗe. Ƙarami ne, mayar da shi. Ruwa ya juya.' Ko sannu bai taɓa ce mini ba."

Urushibara-san ta sauko da tabaraunta ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce ɗakin haske kam ba mai shiga, amma za ta tambayi likita ko zai yarda in zauna a ɗakinsu, inda makirufo yake.

Na ce me zan ce? Mitsue ta ce, "Af, yau ake yin ta."

Alhamis, 16 ga Oktoba, da rana

Sun zaunar da ni a kan wata kujera mai juyawa. Gabana alluna, ɗaya yana nuna layin numfashinta, ɗaya yana nuna ta a kwance, daga nesa. Urushibara-san ta kafa mini sharuɗɗa. Kada in ba ta dariya, kada in ba ta mamaki, kada in yi mata tambaya don kada ta yi yunƙurin amsawa. Ta ce, "Ka gundure ta kawai, Nakaseko-san." Da safe da aka gaya wa Mitsue haka cewa ta yi wannan ba sai an koya mini ba.

Ƙofa ta rufe. Layin ya hau ya miƙe. Aka danna mini maɓalli.

Na ce, "Eh. Ni ne."

Shi ke nan, bakina ya mutu. Mutum huɗu suna kallo na. Ni da ko a bikin Chiharu ban iya jawabi ba, ƙanena ne ya yi a madadina. Layin yana nan a miƙe, kuma na san tsawon da zai iya kaiwa, na fi kowa sani. Sai na ji raina ya ɓaci, irin ɓacin ran cikin kwalekwale.

Na ce, "Ke, kin daɗe fa. Haba! Kullum sai kin sa an jira ki. Ga indararon gidan can ya toshe tun guguwar bara, na ce a gyara kin ce a bari, yanzu ruwa yana zuba daidai kan itacen wuta."

Layin ya faɗo. Ya sake hawa, amma kaɗan. Ya sauka. Wata fitila ta kama, wani abu ya fara ƙara, ɗit, ɗit, a ƙasan kowace sauka. Urushibara-san ta juya yatsa, wai in ci gaba. Na gama da indararo na koma kan kyanwa, na gama da kyanwa na koma kan ƙofar rumbu da ba ta rufuwa. Ban san tsawon lokacin ba. Da aka ce an gama rigata ta jiƙe sharkaf.

Da ta fito abin da ta fara ce mini shi ne, "Ni na ce a bari? Kai ka ce tsani ya karye."

Ɗaya cikin sha biyun ya tafi.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Biyu. Yau na yi mata bayanin yadda ake ɗinkin raga, daga farko har ƙarshe.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Chiharu ta zo da yara. Da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma wani abu, ta fita baranda. Ta ce duk rayuwarta in aka haɗa maganar da na yi mata ba ta kai ta indararon nan ba. Ƙarya take yi. Na sha ce mata ta kashe wuta.

Mitsue ta ci awara da miso, miyar daddawar waken suya, ta zauna da jikoki har suka tafi. Suna fita ta amayar.

Laraba, 22 ga Oktoba, da rana

Huɗu. Maganin ƙarin ruwan da ake haɗa mata da shi ranar Litinin yana kayar da ita. Yau da kujera mai taya aka kai ta. Urushibara-san ta ce ɓawon ya fara yi mata ɗan yawa, in ta ƙara ramewa sai an sake awo daga farko. Na sayo duk abin da na san tana so. Ta kalla ta ce, "Ci naka, Baba." Na ce in ba ta ci ba ni ma ba zan ci ba. Ta ce to mu mutu tare, a huta. Ba ta taɓa irin wannan wasan ba. Daga baya ta ci ƙwai ɗaya don in rabu da ita.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Shida, rabi ke nan. Zance ya fara ƙare mini. Yau sai na bi duwatsun ƙasan ruwa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, daga bakin tasha har ƙahon tsibiri, na ce wancan da muka bari ya huta bana, in bazara ta zo da shi za mu fara. Layin ya ɗan girgiza amma ya daidaita.

A hanyar masauki ta ce, "Kada ka ƙara yi mini maganar bazara a can ciki."

Na ce to.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ruwan sama. Ta yini a kwance, fuska ga bango.

Talata, 28 ga Oktoba, da rana

Bakwai. Na koma kan injin kwalekwale, shi ba ya ƙarewa. Wani matashi a ɗakin na'urar ya ce saura kaɗan ya iya gyaran inji. Urushibara-san ta ce ita barci yake sa ta, kuma abin da ake so ke nan.

Na tari likita a baranda na tambaye shi ko yana aiki. Ya ce hasken yana sauka inda aka nufa, wannan ya tabbata. Sauran sai nan da watanni, in an ɗauki hoto. Na ce a cikin mutum goma masu irin nata fa, nawa ke tsira? Ya faɗa mini. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Tara. Ta ci ƙwai biyu.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da yamma

Goma. Wani abu da na lura da shi. Duk shekarun nan in ina kallon numfashinta ƙirga shi nake yi, ina auna abin da ya rage mata. A kan allon nan ne na fara ganin sa haka kawai, yana shiga yana fita. Ƙarami ne ashe. Ban san ƙarami ne haka ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Sha ɗaya. Saura gobe.

Na fita sayen shayi, na dawo na tarar tana waya da Tsuya, ƙawarta da suka fara nutso tare tun suna 'yan mata. Ba ta ji shigowata ba. Tana cewa, "Ƙarfena yana rataye a bukkar da muke jin ɗumi in mun fito ruwa, bayan ƙofa. Da tabarau ɗin nutso. Ki ba yarinyar nan sabuwa, hannunta ya yi daidai da nawa. A'a, kada ki gaya masa, zai yi ta masifa."

Na koma waje a hankali. Na zaga wurin ajiye motocin nan har shayin ya huce. Ƙarfen nan na uwarta ne. Ko ni ba ta bari in wasa shi.

Da na shigo ta ce na daɗe. Na ce layi ne a kanti.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma, a motar Chiharu

Chiharu ta shiga karɓo magunguna, Mitsue ta rufe ido a kujerar baya, bari in rubuta kafin in sake tunani.

Na shirya zan yi musu bayanin canjin man inji yau. Na fara lafiya lau, layin yana hawa yana sauka, na'ura tana ɗit, ɗit. Sai idona ya kai kan ɗaya allon. Ba a ganin fuskarta daga can, ɓawon ne kawai, da ƙafafunta da suka leƙo daga ƙasansa cikin farar safa. Ƙafafun nan da nake fara gani suna shigewa ruwa kowace safiya. Man inji ya fice mini daga kai. Na ji bakina yana magana ba da izinina ba.

"Mitsue. Ni ban san yadda ake zama a gidan can ba ke ba. Ban san ta inda ake farawa ba. Kada ki tafi ki bar ni. Don girman komai, kada ki bar ni."

Layin ya yi tsalle ya miƙe. Ƙarar ta tsaya. Fitila ta mutu.

Ɗakin ya yi tsit. Rana ta ƙarshe, ni da kaina na sake nutsar da ita. Na kalli layin yana tafiya a miƙe, yana tafiya, hannuna ya kai ga gefen tebur yana neman abin ja. Urushibara-san ba ta kalle ni ba. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga, ta ce a hankali, "Nakaseko-san. Koma kan inji."

Na koma. Na ce da farko sai ka bar injin ya ɗan yi ɗumi, don man ya saki jiki. Ka sa roba a ƙasa. Ka kwance noti a hankali, kada ya faɗa cikin ruwa. Hawaye yana shiga mini baki, ina cewa ka duba matatar ko ta yi baƙi. Wajen matatar ne layin ya faɗo. Ya yi rawa sau biyu, sau uku, sannan ya kama hanya. Ɗit. Ɗit. Na kai su har zuba sabon mai da goge hannu, aka ce an gama.

Ta fito da ƙafarta, ta ƙi kujera mai taya. Ta sunkuya wa likita, ta sunkuya wa Urushibara-san, ta gode wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Ni ko kallo ban samu ba. Muka bi baranda, muka sa takalma, muka fito waje. Sai da muka kai tsakiyar motoci ta tsaya, ta dafa wata mota da ba tamu ba.

"Ka kusa kashe ni, tsoho."

"Na sani."

"Shekara arba'in ina da baki, ba ka faɗa ba. Sai da ka ga an ɗaure ni a kan allo, an hana ni motsi, an hana ni amsawa. Matsoraci kawai."

"Haka ne."

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Ba a hannuna yake ba, kuma ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba yau zan fara ba." Ta numfasa, ta gyara tsayuwa, ta saki motar ta kamo hannun rigata. "To, ga ni a sake. Sake faɗa."

Na sake faɗa, a tsaye, da rana tsaka, wani mutum yana jira mu matsa ya fitar da motarsa. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta ce za ta zauna ba. Ta ce, "Na ji. Ina nan yau."